Nagoya: Gidan da Aka Kunna Shuɗiyar Fitila

Jirginmu ya sauka a filin jiragen sama na Centrair, a ƙasar Japan, da hantsi. Filin yana kan tsibirin da aka cike teku aka yi, a mashigin ruwan Ise, kudu da birnin Nagoya. Daga nan jirgin ƙasa mai sauri na kamfanin Meitetsu yana kai mutum tsakiyar gari cikin minti 28. Wanda ya taso daga Tokyo kuwa, jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Shinkansen zai kawo shi cikin awa ɗaya da minti arba'in ko kusa da haka. Abu na farko da mai sana'ar lantarki zai lura da shi tun a masauki shi ne soket. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, ba 230 irin tamu ba, kuma a wannan ɓangaren ƙasar tana juyawa sau 60 a sakan, alhali a Tokyo sau 50 ne. Cajar waya da ta kwamfuta ba ruwansu, don yawancinsu an rubuta musu 100 zuwa 240. Amma hita ko dutsen guga da aka taho da shi daga gida, ƙarfin da zai ja bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wanda ya saba ba, saboda haka ruwan shayi zai daɗe bai tafasa ba.

Abin da ya kai ni birnin shi ne aikin wani malamin jami'a, Farfesa Isamu Akasaki, wanda ya koyar a sashen ilektironiks na Jami'ar Nagoya, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shuɗiyar LED, wato ɗan ƙaramin ƙwan lantarki mai shuɗin haske. Duk wanda ya taɓa kunna tocilar waya, ko fitilar caji, ko ƙwan sola a rumfar mai shayi, ya ci moriyar aikin mutumin nan ko bai taɓa jin sunansa ba.

Hanyar zuwa jami'ar ba ta da wuya. Daga babbar tashar Nagoya sai ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Higashiyama, mai alamar ruwan ɗorawa, ka sauka a Motoyama, ka koma layin Meijo wanda ke zagaye gari kamar zobe, tasha ɗaya ka sauka a Nagoya Daigaku. Kana hawowa daga rami kana cikin harabar makaranta. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke digiri na uku a birnin shi ya tarye ni a bakin matakala. Bayan mun gaisa ya nuna wani gini can saman fili mai ciyawa, ya ce, "Malam, ka ga agogon can? Ka bari sai magariba ta yi mu dawo, da rana ba za ka gane komai ba." Zauren taro na Toyoda ke nan, wanda kamfanin Toyota ya gina wa jami'ar a 1960.

Cibiyar Akasaki tafiyar 'yan mintoci ce daga tasha. An buɗe ta a 2006, kuma da kuɗin da jami'a ta samu daga haƙƙin mallakar ƙirƙirar da aka yi a jami'ar aka gina ta. A hawan ƙasa akwai ɗakin nuni da ake shiga kyauta: wani katafaren allon LED, fitilun ba da hannu na titi, allunan tarihi, da kuma abin da na fi daɗewa a gabansa, wato siffar injin da aka yi aikin da shi. Bututun gilashi ne, da naɗin bututun jan ƙarfe kewaye da shi, da layukan ƙarfe sirara masu famfo-famfo. Wanda bai sani ba zai ɗauka kayan gyaran firji ne.

An haifi Akasaki ranar 30 ga Janairun 1929 a Chiran, jihar Kagoshima, can kudancin Japan. Ya gama Jami'ar Kyoto a 1952, ya kama aiki a kamfanin Kobe Kogyo, wanda daga baya ya shiga cikin Fujitsu, inda ya yi aiki a kan hodar da ake shafa wa fuskar gilashin talabijin ta ciki don ta yi haske. A 1959 ya zo Jami'ar Nagoya a matsayin ƙaramin malami, yana binciken yadda ake tsirar da kiristal ɗin jamaniyam daga tururi, kuma a kan haka ya sami digirin dakta a 1964. A shekarar ya koma cibiyar bincike ta Matsushita a Tokyo, kamfanin da muka fi sani da National da Panasonic. Ya shekara goma sha bakwai a can. A 1981 ya dawo Nagoya da kujerar farfesa, yana da shekara 52, ɗauke da wata matsala da kusan kowa a duniya ya riga ya haƙura da ita.

Sai an fahimci matsalar kafin a san girman aikin. LED ba ta da zaren da ke yin ja don zafi kamar tsohon ƙwan lantarki. Ɗan guntun kiristal ne mai ɓangare biyu manne da juna. Ɓangare ɗaya, wanda ake kira n, ilektiron sun yi masa yawa. Ɗaya ɓangaren, p, yana da gurabe da babu kowa a ciki. In aka ba shi wuta ta fuskar da ta dace, ilektiron ya faɗa gurbi a mahaɗar, ƙarfin da ya saki ya fito a haske. Launin ya dogara ga zurfin faɗuwar, wato tazarar makamashin kayan da aka yi kiristal ɗin da shi. Lissafin ba wuya: raba 1240 da tazarar a ma'aunin makamashi na eV, ka sami tsawon zangon hasken a nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Tazarar 1.9 tana ba da ja, wajen nanomita 650. Shuɗi kuwa nanomita 450 ne, yana buƙatar kusan 2.75. Jar LED ta samu tun 1962 a hannun Nick Holonyak na kamfanin General Electric a Amurka, kore mai rauni ya biyo baya, amma shuɗi ya gagara kusan shekara talatin. In babu shuɗi kuwa babu fari.

Kaya biyu aka sa wa ido. Ɗaya zinki selenaid ne, ɗaya galiyam naitiraid, wanda ake taƙaitawa GaN, mai tazarar 3.4. Mafi yawan manyan kamfanoni da jami'o'i sun bi zinki selenaid, domin yana zama daidai a kan faifan galiyam arsenaid da ake da shi a kasuwa, kiristal ɗinsa yana fitowa sumul. Aibinsa shi ne laushi: in ya yi aiki na ɗan lokaci sai lahani ya yaɗu a cikinsa, haske ya dushe. GaN yana da tauri da jure zafi, amma ba a iya narka shi a zuba kamar silikon, don kafin ya narke naitirojin ɗinsa ya tsere. Dole a tsirar da shi a kan faifan wani abu dabam, kuma abin da ke jure zafin digiri 1,000 a cikin iskar amoniya shi ne safaya, wato yaƙutun da ake yi a masana'anta. Nan gizo ke saƙar. Jerin ƙwayoyin safaya da na GaN sun saɓa da kusan kashi 16 cikin ɗari. Ka ɗauki kiret ɗin ƙwai guda biyu da ramukansu ba su zo ɗaya ba, ka ce za ka kifa ɗaya a kan ɗaya: rami biyu uku za su shiga, na gaba ya hau kan tudu. Ga shi kuma in sun huce daga zafin tanda, kowanne da irin tasa tsukewar, sai kiristal ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Masu bincike a kamfanin RCA na Amurka, Herbert Maruska da Jacques Pankove, sun yi nisa da GaN daga 1969, har sun sami ɗan haske mai rauni, amma a 1974 kamfanin ya rufe aikin.

Akasaki ya fara GaN a 1973, daidai lokacin da wasu ke tattara kayansu. Abin da ya riƙe shi, kamar yadda ya bayyana daga baya, shi ne a ƙarshen shekarun 1970 yana duban wani faifai mai tsagu da ramuka ta madubin ƙara girma, sai ya ga 'yan ƙananan wurare masu kyau ƙwarai suna ƙyalli a tsakiyar ɓarnar. Ya ce a ransa, tunda ƙarami ya yiwu, laifin ba na GaN ba ne, na hanyar tsirarwa ne. A ganina wannan shi ne hukunci mafi muhimmanci a duk rayuwarsa ta aiki, kuma ido ne ya ba shi, ba lissafi ba. Ya taɓa kwatanta kansa a shekarun nan da mai tafiya shi kaɗai a dokar daji. A 1979 ya zaɓi hanyar da ake kira MOVPE, kuma ita ce masana'antun duniya ke bi har yau.

Ga yadda take aiki, ina kallon bututun ina bin layukan da ido. Ana ɗora faifan safaya a kan wani kasko na gawayin girafait a cikin bututun gilashin kwatiz. Naɗin jan ƙarfen da ke waje yana ɗauke da wuta mai saurin juyawa, ita ke zafafa kaskon ba tare da ta taɓa shi ba, ruwa kuma yana bi ta cikin naɗin don kada shi kansa ya ƙone. Galiyam yana zuwa a siffar wani ruwa mai suna tiraimetil galiyam, wanda ke kamawa da wuta da zarar ya sha iska, shi ya sa yake cikin tulun ƙarfe a rufe. Ana busa iskar haidirojin ta cikinsa ta kwaso tururinsa. Naitirojin kuma daga amoniya yake zuwa, ana turo ta da yawa, ninkin galiyam ɗaruruwa zuwa dubbai, saboda amoniya ba ta rabuwa da sauƙi. Su haɗu a kan faifai mai zafin digiri 1,000, GaN ya kwanta, sauran ya fita ta bututun shara. Ko ɗan yoyo ne a mahaɗar bututu, iskar oksijin ta shiga, aikin ranar ya lalace.

Ɗakin binciken ba shi da kuɗin sayen injin kamfani, saboda haka ɗalibai suka haɗa nasu. Naɗin jan ƙarfen ma a jikin kwalba suka lanƙwasa shi. Cikin ɗaliban akwai Hiroshi Amano, ɗan garin Hamamatsu, haihuwar 1960, wanda ya shiga ɗakin a 1982 yana ajin ƙarshe na digirin farko. Matsaloli biyu suka fara cin karo da su. Ta farko, tururin galiyam da amoniya suna haɗuwa tun a hanya su zama farar ƙura kafin su iso faifai. Ta biyu, zafin kasko yana tura iska sama, kamar yadda hucin murhu ke ɗaga toka, sai kayan ba su sauka inda ake so ba. Maganin da suka yi shi ne kada iskokin su gauraya sai dab da shiga, a turo su ta siririn bututu da gudu, daga 'yan santimita a sakan zuwa sama da mita guda, sannan a karkata faifan ya fuskanci iskar. Wannan ya daidaita kaurin abin da ke kwantawa, amma fuskar ta ci gaba da fitowa dishi-dishi kamar gilashin banɗaki. Amano ya yi gwaji sama da 1,500 cikin kusan shekara uku, kullum yana ɗakin in ban da ranar sabuwar shekara.

A Fabrairun 1985, yana dab da gama digiri na biyu ba tare da sakamakon kirki ba, ya yi niyyar fara shimfiɗa aluminiyam naitiraid a kan safaya kafin GaN, domin ya lura kiristal ɗin abokin aikinsa mai aluminiyam ya fi nasa santsi. A ƙa'ida wannan yana son zafin da ya wuce digiri 1,200, tsohon injin zafinsu kuwa ya ƙi kaiwa. Sai ya shimfiɗa shi a ƙaramin zafi, dabarar da aka riga aka tattauna a ɗakin. Da ya fito da faifan ya gan shi garau kamar ba a zuba komai ba, har ya zaci ya manta bai buɗe famfon galiyam ba. Madubin ƙara girma ne ya tabbatar masa GaN na nan, shimfiɗe kamar madubi.

Matakan, kamar yadda suka daidaita daga baya, su ne waɗannan. A gasa safaya a cikin haidirojin don a wanke fuskarsa. A sauke zafi zuwa wajen digiri 500. A zuba aluminiyam naitiraid mai kaurin kusan nanomita 30, abin da sai an jera irinsa dubu biyu ko fiye kafin a kai kaurin gashin kai. A ɗaga zafi zuwa 1,000. A lokacin hawan nan shimfiɗar tana rikiɗa ta zama ƙananan ginshiƙai masu yawan gaske, duk suna fuskantar sama. In GaN ya fara sauka, sai ya tsiro a kansu a matsayin tsibirai, tsibiran su yi ta faɗaɗa gefe da gefe har su haɗe su zama fili ɗaya. Magini ya san wannan: ba a yi wa busasshen bulo yaɓe kai tsaye, sai an fara watsa masa siminti mai ruwa-ruwa ya sami abin kamawa. Kauri shi ne sirrin. In shimfiɗar ta yi siriri da yawa, tsibiran suna yin nesa da juna, ramuka su rage a tsakani. In ta yi kauri, kowane tsibiri ya fuskanci inda ya ga dama, kiristal ya zama tarkace. An buga sakamakon a 1986.

Rabin aiki ke nan. Ɓangaren n yana samuwa da sauƙi, daga baya ma suka iya daidaita shi da ɗan silikon. Ɓangaren p ne ya gagari kowa, har wasu masana suka yi hasashen cewa ba zai taɓa yiwuwa a GaN ba. Sun fara da sirka zinki, bai yi ba. Amma Amano ya lura da wani abu: in aka harba ilektiron a kan samfurin a cikin na'urar dubawa, haskensa yana ƙaruwa, kuma ba ya komawa yadda yake. Suka bar zinki suka koma magniziyam, suka bi shi da harbin ilektiron mai ƙaramin ƙarfi, sai awo ya nuna p na gaskiya. A 1989 suka kunna LED ta farko a duniya mai mahaɗar p da n ta GaN. Akasaki yana da shekara 60, shekara goma sha shida da fara aikin.

A lokacin ba su gama gane dalilin da harbin ke aiki ba. Wanda ya warware wannan shi ne Shuji Nakamura, injiniya a wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia a garin Anan, tsibirin Shikoku. Haidirojin ɗin da ke fitowa daga amoniya shi ke manne wa magniziyam ya hana shi aiki. A 1992 Nakamura ya nuna cewa in aka gasa faifan a cikin iskar naitirojin zalla a zafin digiri 700 ko sama, haidirojin ya fice, p ya farka. In aka sake gasa shi cikin amoniya, ya koma gidan jiya. Wannan ya fi harbin ilektiron sauƙi nesa ba kusa ba, domin harbin fatar sama kawai yake taɓawa, tanda kuwa tana gasa faifai da yawa gaba ɗaya. Ko da hakan, magniziyam ɗin da ke ba da gurbi a zafin ɗaki bai wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, shi ya sa har yau ɓangaren p ne ke da taurin wucewar wuta a kowace LED.

Akwai kuma batun launi. In ka raba 1240 da 3.4 za ka sami 365, wanda ido ba ya gani. Sai an sirka indiyam tazarar ta sauko zuwa shuɗi. Indiyam kuwa ba ya zama a digiri 1,000, sai an sauko wajen 700 zuwa 800, an kuma canza iskar dako daga haidirojin zuwa naitirojin. Nakamura ya ƙware a wannan da injin da ya ƙera mai busa iska ta fuska biyu, kuma a Nuwamban 1993 Nichia ta fitar da shuɗiyar LED mai hasken gaske a kasuwa. Kamfanin Toyoda Gosei, wanda ya yi aiki da Akasaki, ya fito da tasa a 1995. Mutane suna son tambayar wane ne ya fi. Ni dai abin da na gani a tarihin shi ne, Nagoya ta buɗe ƙofofi biyun da suka gagara, Anan ta mayar da abin haja. Ranar 7 ga Oktoban 2014 aka sanar da cewa su ukun, Akasaki da Amano da Nakamura, sun ci kyautar Nobel ta fiziks tare. Akasaki yana da shekara 85.

Da azahar muka koma layin Higashiyama zuwa tashar Honjin, inda masallacin Nagoya yake, wanda aka buɗe a 1998. Game da abinci, a yi hattara da abin da garin ya yi suna a kai, miso katsu, domin naman alade ne. Taliyarsu mai faɗi, kishimen, ta fi sauƙin sha'ani, amma a tambayi abin da aka sa a romon.

Daga nan muka wuce Osu, unguwar kasuwa mai rufi da ke kusa da wurin ibadar Osu Kannon. A cikin benayenta akwai shagunan kayan gyara, irin layin 'yan rediyo na kasuwar Sabon Gari a Kano, sai dai komai yana cikin ƙananan aljihunan roba da lamba a jiki. Na sayi LED ja, shuɗiya da fara, masu milimita 5, da resista. Abokin tafiyata ya ce, "Malam, duk wannan tafiyar, abin da za ka saya ke nan? Ai akwai su a gida." Na ce masa, "Akwai su, ƙanena, amma ina so ka ga 1240 ɗin nan da idonka." Ja tana kamawa a wajen bolt 2. Shuɗiya sai ta kai 3 ko 3.2. Fara ma haka, bolt 3, domin farar LED shuɗiya ce aka lulluɓe da hoda. Duba filashin wayarka a kashe, za ka ga ɗigon rawaya. Hodar ke nan, ana ce mata YAG, da ɗan siriyam a ciki. Tana shanye wani kaso na shuɗin ta mayar da shi rawaya, ragowar shuɗin ya gauraya da rawayan, ido ya ga fari. Nichia ta fara sayar da irin wannan a 1996. In hodar ta yi kaɗan, hasken ya yi shuɗi-shuɗi mai sa ido ciwo, irin na tocila mai araha. Wanda zai kunna ɗaya daga cajar waya mai bolt 5, ya cire 3.2 daga 5, saura 1.8, ya raba da 0.02, wato miliamfiya 20, ya sami om 90, sai ya sa resista mai om 100. Doguwar ƙafa ita ce ta fositif. In babu resista, za ta yi haske sau ɗaya ta mutu. Kuma a lokacin hunturu, sa'ad da riga ke tartsatsi in an cire ta, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa ƙafafun shuɗiya ko fara, domin wutar jiki tana huda mahaɗarsu, ba sa kuma jure wutar da ta zo ta baya fiye da bolt 5.

Kwamitin Nobel ya kawo alƙaluma a sanarwarsa: tsohon ƙwai mai zare yana ba da lumen 16, wato ma'aunin yawan haske, a kowane wat, doguwar fitila mai tartsatsi 70, LED mafi kyau a lokacin ta haura 300. Tsawon rai kuma awa 1,000, da 10,000, da 100,000. Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce, to me ya sa nawa ƙwan ba ya shekara? Yawanci ba kiristal ɗin ba ne ke fara mutuwa. Buɗe mataccen ƙwai ka gani. Ko dai kafasitar da ke cikin da'irar wutar ta kumbura, don kowane ƙarin zafi na digiri 10 yana raba ranta biyu, ko kuma ɗaya daga cikin ƙwayoyin da aka jera a layi ɗaya ta yi baƙin ɗigo, ta yanke wa sauran wuta. Dalilin duka biyun zafi ne: an rage aluminiyam ɗin da ke kwashe zafi, an tura wa ƙwayoyi kaɗan wutar da ta fi ƙarfinsu don ƙwan ya yi haske a shago, sannan aka sa shi cikin rufaffen gilashi a ɗakin kwano a watan Afrilu. Masu gyara suna haɗe ƙafafun matacciyar ƙwayar da dalma, ƙwan ya tashi, amma zafin da ya kashe ta farko yana nan yana jiran ta biyu. Ƙwai mai nauyi a hannu, mai gindin ƙarfe, a wurin da iska ke ratsawa, shi ke daɗewa.

Washegari na bi layin Tsurumai zuwa Shiogamaguchi, inda Jami'ar Meijo take. Nan Akasaki ya koma a 1992 da ya kai shekarun ritaya a jami'ar gwamnati, Amano ya bi shi, suka ci gaba da aiki tare har Amano ya koma Jami'ar Nagoya a 2010. Akasaki bai bar Meijo ba har rasuwarsa ranar 1 ga Afrilun 2021, yana da shekara 92. A wannan jami'ar kuma Akira Yoshino yake farfesa, wanda ya sami Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019 a kan batirin litiyam. Na tsaya ina tunanin fitilar solar da ake sayarwa a kasuwannin ƙauyukanmu: ƙwanta da batirinta, malaman makaranta ɗaya suna da hannu a duka biyun.

Aikin GaN bai tsaya a fitila ba. A Jami'ar Nagoya Amano yana jagorantar cibiyar da ke ƙera tiransista na GaN, waɗanda ke kunnawa da kashewa da sauri fiye da na silikon ba tare da asarar wuta mai yawa ba. Ƙananan cajojin nan masu wat 65 da aka rubuta wa GaN a jiki daga wannan layin suka fito: in saurin ya ƙaru, tiransifoma da kafasita suna ƙanƙancewa. A 2019 sun nuna mota mai lantarki da ke amfani da irin waɗannan a bikin motoci na Tokyo. Ɗaya reshen shi ne a sirka aluminiyam maimakon indiyam, tazarar ta hau sama, a sami hasken da ke wajen nanomita 265 zuwa 280, wanda ke lalata ƙwayoyin cuta a ruwa. Har yanzu waɗannan ba su kai shuɗiya amfani da wuta ba, mafi yawan abin da suka ci zafi yake zama, kuma ba sa aiki a ruwa mai laka sai an tace shi, don ƙwayar cuta tana fakewa a bayan ƙwayar ƙasa. Wanda ya san yadda ruwan rijiya da na tafki yake a wurarenmu da damina zai so a ci nasarar wannan da wuri.

Da magariba muka koma filin da ke gaban zauren Toyoda kamar yadda ɗan Katsina ya ce. Ɗalibai suna ta wucewa a kan kekuna zuwa tasha. Da duhu ya fara sauka sai hannayen agogon da alamomin awanninsa suka fito da shuɗin haske, tsantsar shuɗi ba tare da hoda ba, wanda ake hangowa tun daga bakin titi. Ƙarfe shida da minti goma ya nuna. Muka sauka rami muka kama jirgin Motoyama.